Darasi Daga Gabar Faransa Da Jamus

'Yan'uwa, wanda duk ya dubi halin duniya ya ga yadda al'ummai ke kashe juna, ya kan ce a ransa ƙiyayya cuta ce marar magani. To, kafin mu yanke wannan hukunci, ya kamata mu duba labarin Faransa da Jamus, maƙwabta biyu waɗanda suka gwabza yaƙi sau uku cikin shekara 75, kuma ga su yau suna zaune lafiya.

A 1870 yaƙi ya tashi tsakaninsu. Jamusawa suka ci nasara, suka kama Sarkin Faransa Napoliyon na Uku a garin Sedan. Ba su tsaya nan ba, sai suka shiga fadar Versailles ta sarakunan Faransa, a cikin zauren madubai suka naɗa nasu Sarkin a watan Janairu 1871. Suka karɓe lardin Alsas da wani yanki na Loren, suka kuma aza wa Faransa tarar faran miliyan 5,000. Kuɗin kam an biya, amma wulakancin bai fita daga zuci ba. A birnin Faris aka lulluɓe gunkin da ke wakiltar garin Strasbourg da baƙin ƙyalle, a makarantu kuwa yara suka tashi ana nuna musu lardunan da aka ƙwace a kan taswira.

Yaran nan su ne suka zama sojan 1914. A Verdun kaɗai, daga Fabrairu zuwa Disamba 1916, mutum wajen 300,000 suka halaka daga ɓangarorin biyu. Tartsatsin wutar ya iso har ƙofarmu, gama sojan ƙasar nan sun yi yaƙi da Jamusawa a Garwa da Mora cikin Kamaru. Da Jamus ta kasa, aka sa wakilanta suka sa hannu ga tsayar da yaƙi cikin wani taragon jirgin ƙasa a dajin Compiegne, ran 11 ga Nuwamba 1918. A 1919 kuwa aka kai su zauren madubai ɗin nan na Versailles, aka mai da Alsas da Loren ga Faransa, aka ɗora wa Jamus laifin yaƙi da diyya mai nauyi. Da biya ya yi jinkiri, sai sojan Faransa da na Beljiyam suka mamaye Ruhr, inda kwal da ƙarfen Jamus suke, a 1923.

Masu magana sun ce ramuwar gayya ta fi gayya zafi. Wannan ɓacin rai na cikin abubuwan da Hitila ya taka ya hau mulki a 1933. Da ya ci Faransa a 1940, sai ya sa aka fito da taragon nan daga inda aka ajiye shi, aka mai da shi gurbinsa na dā cikin daji, a ciki Faransawa suka sa hannu ran 22 ga Yuni. Ku lura, kowane ɓangare in ya sami sa'a, abin da ya fara nema shi ne ya mai da wa ɗan'uwansa kunyar da ya sha, a wurin da ya sha ta.

Bayan 1945, ƙasashen biyu sun zama kufai, sai aka sami mutanen da suka bi wata hanya. Robert Schuman, ministan harkokin wajen Faransa, ɗan asalin Loren ne, ya tashi da takardun Jamus, bai zama Bafaranshe ba sai bayan yaƙin farko, don haka ya san zafin kowane gefe. Ran 9 ga Mayu 1950, bisa shawarar Jean Monnet, ya nemi a haɗa kwal da ƙarfen ƙasashen biyu ƙarƙashin hukuma ɗaya. Dabarar a fili take: ba a ƙera igwa sai da ƙarfe, ba a narka ƙarfe sai da kwal, in kuwa rumbun ɗaya ne, ba mai iya shirin yaƙi a ɓoye. Konrad Adenauer, shugaban Jamus ta Yamma, wanda mutanen Hitila suka taɓa tsigewa suka kuma ɗaure, ya yarda. A 1951 ƙasashe 6 suka sa hannu, daga nan ne Tarayyar Turai ta samo tushe.

A 1963 Janar de Gaulle da Adenauer suka ƙulla alkawarin abota, aka kafa ofishi don samarin ƙasashen biyu su riƙa ziyartar juna. A 1984 Shugaba Mitterrand, wanda Jamusawa suka taɓa kamawa fursunan yaƙi, ya tsaya da Helmut Kohl a maƙabartar Verdun suna riƙe da hannun juna. A 2006 kuwa aka fitar da littafin tarihi guda wanda malaman ƙasashen biyu suka rubuta tare, ana karanta shi da harsunan biyu.

To, ina rabonmu a cikin wannan, mu da za a danƙa wa aji? Gabar nan a makaranta aka yi renonta, a makaranta kuma aka ƙarasa kashe ta. Idan muka zo koyar da labarin yaƙi, ko na Turai ko na kakanninmu, mu faɗi gaskiyar abin da ya faru, mu ƙidaya matattun kowane ɓangare, kada mu bar yaro ya fita da jin wata kabila na da bashin jini a kansa. In kuma muka raba faɗa a filin wasa, kada mu kunyata wanda aka kayar gaban 'yan'uwansa, gama shi ne zai kwana yana shirin gobe.

Har yanzu ana yaƙe-yaƙe a duniya, amma jikokin waɗanda suka kashe juna a Verdun suna ƙetare kogin Rhine zuwa aiki da kasuwa. Allah ya ba mu ikon reno irin na gari, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, amin.