Baƙon ƙwaro a tsakar gida: mu duba bakinsa kafin mu ɗaga takalmi



Kowace shekara, daga saukar ruwan fari har zuwa kaka, ƙwari suna yawaita a gidajenmu. Wasu mun san su tun muna yara: sauro, ƙuda, ƙyankyaso, gara, kuɗin cizo. Wasu kuwa sai dai mu gan su dare ɗaya a jikin bango kusa da fitila, ko a ƙarƙashin itacen girki, babu wanda ya san sunansu. Abin da muka saba yi shi ne mu take su da takalmi, ko mu ɗauko piya-piya mu yayyafa a ɗaki. Darasinmu na yau yana magana a kan ɗaya daga cikin baƙin nan, wato ƙwaro mai tsinken baki, wanda ke farautar ƙwari ƴan'uwansa. Za mu ga yadda ake gane shi, da amfaninsa, da abin da za mu yi idan ya soki mutum.

Wane ne shi?

Da Faransanci malaman gona suna kiransa « réduve ». Danginsa suna da yawa, masana sun ƙidaya iri wajen 7000 a duniya. Mu a nan za mu kira shi maharbin ƙwari, domin farauta ita ce sana'arsa. Ba ya cin ganye, ba ya taɓa hatsi ko wake. Abincinsa tsutsa, da ƙananan fara, da gara, da ƙyankyasai, har da kuɗin cizo.

Ga yadda yake farauta. Yakan laɓe a jikin kara ko a tsagar bango, ko kuma ya riƙa tafiya sannu-sannu kamar mai sanɗa. In ƙwaro ya zo kusa, sai ya cafke shi da ƙafafun gaba, ya soka masa tsinken bakinsa, ya zuba masa miyau mai dafi. Nan take ƙwaron ya sandare. Miyau ɗin yana narkar da kayan cikinsa, maharbi ya tsotse, ya yar da ɓawon. Da wannan dabara yake kayar da tsutsar da ta fi shi girma.

Alamomi biyar na gane shi

1. Ƙafafu. Mu fara da ƙirga su. Shi shida gare shi. In mun ga takwas, to dangin gizo-gizo ne ko na kunama, wannan kuwa wani darasi ne dabam.

2. Kai. Kansa ƙarami ne, siriri, da ɗan wuya a bayan idanu. Idanun sun fito waje sosai.

3. Baki. Wannan ita ce babbar alama. Bakinsa tsinke ne gajere mai kauri, a lanƙwashe kamar ƙaramin lauje, ya naɗe shi a ƙarƙashin kai. In muka dube shi ta gefe za mu ga sarari tsakanin tsinken da wuyansa.

4. Ƙafafun gaba. Sau da yawa sun fi na baya kauri da ƙarfi, domin da su yake riƙe abin da ya kama.

5. Hali. Yawanci shi kaɗai ake ganinsa. In an takura masa yakan yi ɗan ƙara « kiit-kiit », yana goga tsinken a ƙirjinsa. Wannan gargaɗi ne, mu janye hannu.

Launinsa ya bambanta daga iri zuwa iri. Akwai babba baƙi, mai ɗigo biyu farare a fuka-fukai da ratsin rawaya a ƙafafu, tsawonsa yakan kai santimita 4. Akwai matsakaita, baƙaƙe ko masu ruwan ƙasa, da ke tashi su zo wurin fitila da dare. Akwai masu ja da baƙi da ake samu a gonar auduga da ta kuɓewa. Ƴaƴansu ba su da fuka-fuki. Ƴaƴan wasu irin suna lulluɓe jikinsu da ƙura da rairayi, har da gawarwakin tururuwar da suka cinye. Saboda haka in mun ga ɗan dunƙulen datti yana tafiya a gindin bango, kada mu tsorata, ɗan maharbi ne ya sa rigar ɓuya.

Me ya kawo shi gida?

Maharbi yana bin nama. Inda ƙwari suka taru, nan yake zuwa. Fitilu masu aiki da hasken rana, waɗanda suka yawaita a ƙauyukanmu, sukan kwana a kunne, suna jawo malam-buɗe-littafi na dare da shinge, shi kuma ya biyo sahunsu. Da rana yakan ɓuya a cikin tarin itace, da danni, da ƙarƙashin duwatsu, da gindin rumbu.

A daji ma yana da wurin zama. Tun daga 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a fadamar Maggiya, cikin ƙasar Buza, don tare iska. Daga 1984 kuma babban aikin raya karkara na Keita ya dasa miliyoyin itatuwa, mata da maza suka jera duwatsu a kan tuddai da fako don tare ruwa. Inda itace da ciyawa suka dawo, ƙwari masu farauta suna samun mafaka lokacin rani, kafin damana ta zo su shiga gonaki.

Kama da wane ba ta wane

Akwai ƙwari uku da ake rikita su da maharbi.

Na farko, ƙwaron da ke tsotse kwanson wake har ya motse. Shi ma tsinken baki gare shi, amma nasa dogo ne, siriri, miƙaƙƙe, kwance a jikin cikinsa. Kuma ba ya tafiya shi kaɗai, sai mu gan su da yawa a kan kwanso ɗaya. Wannan maɓarnaci ne.

Na biyu, jan ƙwaron auduga, wanda ke ɓata farin kaɗa, yana kuma faɗa wa kuɓewa da rama da yakuwa. Manoman auduga na Madawa da Maggiya sun san shi sarai. To akwai wani maharbi da Allah ya yi masa launi irin nasa, yana shiga cikin garkensu yana cin su ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗan fi su girma, bakinsa kuma lanƙwasasshe ne. Manomin da bai duba ba sai ya kashe ɓarawo tare da mai gadi.

Na uku, hangara, wadda ke cin furen hatsi, tana kuma zuwa wurin fitila. Ita ba ta da tsinke, haƙoran tauna gare ta, jikinta dogo mai taushi. Ba ta harbi. Haɗarinta yana cikin ruwan jikinta: in aka murje ta a kan fata, bayan ƴan sa'o'i wurin ya tashi kamar ƙunar wuta. Don haka in ƙwaro ya sauka a wuyanmu da dare, mu hure shi ko mu kakkaɓe shi da tsumma, kada mu mare shi. Mu kuma tsare yara kada su sa hangara a baki, gama dafinta yana lahani ƙwarai a ciki.

Yana cutar mutum?

Maharbin ƙwari ba ya neman mutum, ba ya shan jininmu. Amma in aka kama shi da hannu, ko aka danne shi a cikin riga ko shimfiɗa, zai kare kansa. Sukarsa tana da zafi kamar harbin rina, wani lokaci ta fi. Wurin yakan kumbura ya yi ja, ya yi kwanaki yana ƙaiƙayi. Babban nan mai ɗigo biyu yana iya feso miyau daga nesa kaɗan, in ya shiga ido yana raɗaɗi sosai. Kada yara su kai fuska kusa da shi.

Wasu sun ga hotuna a wayar salula, ana cewa irin wannan ƙwaro yana sa ciwon zuciya. Ga gaskiyar magana. A ƙasashen Amurka ta Kudu, kamar Barazil da Bolibiya, akwai wasu danginsa masu shan jinin mutum da dare. Su ne ke yaɗa wata cuta da wani likitan Barazil mai suna Carlos Chagas ya gano a 1909. A ƙasashenmu na Afirka ba a ɗaukar wannan cuta ta hanyar cizon ƙwaro. Mu kwantar da hankalinmu.

In ya soki mutum, ga abin yi:

– A wanke wurin da ruwa mai tsabta da sabulu.
– A jiƙa tsumma da ruwan randa mai sanyi a ɗora.
– In zafi ya yi yawa a sha parasetamol. In yaro ne, a tambayi ma'aikacin lafiya adadin da ya dace da shi.
– In miyau ya shiga ido, a yi ta zuba ruwa mai tsabta har wajen minti 15, kada a murza.
– Kada a tsaga wurin da aska, kada a tsotsa, kada a shafa kananzir ko fetur ko baƙin cikin batir.

In ƙunar hangara ce, a wanke da sabulu nan da nan, kada a fasa bororon, a rufe shi da tsumma mai tsabta.

A garzaya gidan likita ba tare da jinkiri ba idan fuska ko leɓɓa suka kumbura, ko numfashi ya yi wuya, ko ƙuraje suka feso a jiki duka, ko mutum ya ji jiri. Haka nan idan bayan kwana biyu kumburi yana ƙaruwa, ko wurin ya fara mugunya.

Yaya za mu yi da shi?

Mu kifa masa kwalba mai faɗin baki ko gwangwani, mu zura takarda mai kauri ta ƙasa, mu kai shi gona ko garka mu sake shi. In muna shakkar irinsa, mu bar shi cikin kwalbar mu nuna wa malamin gona ko ma'aikacin kare tsirrai na gundumarmu. Mu riƙa kakkaɓe tufafi da takalma da shimfiɗa kafin amfani. Mu kwana cikin gidan sauro. Mu rataye fitila nesa da wurin kwanan yara, mu jingine itacen girki nesa da ƙofar ɗaki.

Yayyafa piya-piya a ɗaki saboda ƙwaro ɗaya ganganci ne. Guba ce mai shiga ta numfashi da ta fata, tana sauka a kan abinci da ruwan sha. Zafin sukar maharbi yana wucewa, amma gubar nan tana iya kai yaro kabari.

Ba shi kaɗai ba ne

Muna da wasu masu gadi da ba mu biyan su ko dala. Ƙoƙi-ƙoƙi tana kama fara da ƙudaje. Zanzaro yana cika ɗakinsa na laka da tsutsa ko gizo-gizo don abincin ƴaƴansa. Ɗan ƙwaron nan ja mai ɗigo-ɗigo baƙi, zagayayye kamar rabin ƙwayar wake, shi da ƴaƴansa suna cinye darɓa a gonar wake. Ko hangara ma, tsutsar wasu irinta tana cin ƙwan fara a cikin ƙasa. Gaskiya ne maharbi ba ya zaɓe, wani lokaci yakan kama ƙudan zuma, amma amfaninsa ya rinjayi ɓarnarsa.

Masana sun riga sun sa irin waɗannan abokai aiki. Tun daga 2006, masu bincike na cibiyar INRAN a Maraɗi, tare da takwarorinsu na Mali da Burkina Faso, suka shiga kiwon wata ƴar mitsitsiyar rina da ba ta wuce milimita 3 ba. Ana sa ta cikin ƙananan buhunan algarara, a rataya a ƙauye lokacin da hatsi ya fid da kai. In ta fito sai ta nemi murzuna, tsutsar da ke sassaƙe zangarniya, ta harbe ta, ta yi ƙwai a jikinta. Manomin da ya yi feshi barkatai a lokacin nan ya kashe sojojin da aka kawo masa. Haka abin yake a garaken albasa na Galmi da fadamar Tarka: yawan feshi ba bisa ƙa'ida ba yana share masu farauta, maɓarnata kuma su dawo su tarar da gona babu mai tsaro. Rashin sani ya fi dare duhu.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Ta yaya za mu bambanta bakin maharbin ƙwari da na ƙwaron da ke tsotse wake?
2. Me ya sa ba a marin ƙwaro in ya sauka a jiki da dare?
3. Waɗanne alamomi ne za su sa mu kai mutum gidan likita nan da nan?
4. Da wane suna tsofaffin garinku suke kiran wannan ƙwaro? Ku tambaye su, ku rubuta sunan da na ƙauyenku, ku ba malamin cibiyarku ya aiko mana.

Allah ya ba mu lafiya da damana mai albarka, amin.