Tabon da ke damtsenka na hagu

'Yan'uwa ɗalibai, kowa ya naɗe hannun rigarsa na hagu ya duba. Yawancinmu za mu ga ɗan tabo zagayayye a damtse. Allurar BCG ce ta bar shi, rigakafin tarin fuka da ake yi wa jariri da zarar an haife shi. To, me ya sa sauran alluran da aka yi mana ba su bar irinsa ba?

Amsar tana cikin zurfin da allura ke shiga. Wata ana kai ta cikin tsoka, wata cikin kitsen da ke ƙarƙashin fata, wata cikin jijiya. Ita kuwa BCG a cikin fatar kanta ake tsayar da ita, kuma kaurin fatar bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba. A nan ƙwayoyin garkuwar jiki suke da yawa, shi ya sa ɗan magani kaɗan ke wadatarwa: mililita 0.05 ga jariri, wato kamar ɗigo guda.

Sirinjin da aka saba gani ba zai auna wannan daidai ba, sai aka ƙera nata na musamman, siriri mai gajeren tsini. Ma'aikaciyar lafiya kan ja fatar ta miƙe, ta kwantar da allurar kusan a jikin hannu, kwana bai wuce digiri 15 ba, ta shigar da bakinta kawai. In ta dace, nan take wurin zai taso fari-fari kamar cizon sauro, samansa kamar ɓawon lemo. In tsinin ya zarce, maganin ya sauka ƙarƙashin fata, ana iya samun ƙurji mai mugunya ko kaluluwa a hammata. Aikin na buƙatar hannun da ya ƙware, ba na mai allurar bakin kasuwa ba ne. Sirinjin zamani kuma yana kulle kansa bayan tsira ɗaya, don kada a sake amfani da shi a ɗauki cutar hanta ko ƙanjamau daga wani a kai wa wani.

Bayan makonni kaɗan ɗan ƙurji zai fito, ya fashe, ya bushe, sannan ya koma tabo. Haka aka tsara, domin ƙwayar da ke cikin rigakafin tana da rai, an dai raunana ta. Albert Calmette da Camille Guérin ne suka raunana ta a Faransa, aka fara ba ɗan Adam a 1921. Saboda haka in an yi wa ƙanenka, a gaya wa Inna kada a matse wurin, kada a shafa toka ko man goge baki. A bar shi a bushe, cikin tsafta. In ya kumbura sosai, a koma asibiti.

Tabon kakanninmu kuwa sau da yawa na agana ne. Daga 1967 aka zagaya Afirka ta Yamma da wata na'ura mai suna Ped-O-Jet, wadda ake takawa da ƙafa ta harba maganin cikin fata ba tare da tsini ba. An kuma yi amfani da allura mai baki biyu, a tsoma ta cikin magani a tsattsaga fata sau 15. A 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar cewa agana ta ƙare a duniya.