Allura Biyu, Kwali Iri Ɗaya

'Yan'uwa na Talata Mafara da Bakura da Maradun, a cikinmu akwai masu ciwon sukari. In aka kawo mana allura biyu, ɗaya daga asibiti, ɗaya daga hannun mai talla da araha, ina bambancinsu?

Na fari, abin da ke ciki. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan jabun Ozempic, allurar sukari wadda waɗansu ke yi don rage ƙiba. An sami jabun a Birazil da Birtaniya da Amurka. A Ostiriya kuwa, a 2023, sai da aka kwantar da waɗansu a asibiti, gama sukarinsu ya faɗi ƙwarai.

Na biyu, ajiya. Insulin, wato allurar da masu sukari da yawa ke yi kullum, yana son sanyi, digiri 2 zuwa 8. In ya wuni a rana ƙarfinsa yakan ragu, ido kuwa ba ya gani.

Saboda haka mu saya inda likita ya nuna. Mu duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar maganin. Araha ba ta ado, balle ta tsare rai.