Darasin Lafiya: Zazzaɓi Ya Tafi, Gajiya Ta Ƙi Tafiya

Duk shekara idan hunturu ya shigo, mura da tari sukan bi ƙauye gida-gida. Yaro ya kwanta kwana uku ya tashi. Saurayi ya yi mako guda ya koma kasuwa. Tsoho da tsohuwa kuwa nasu daban ne. Zazzaɓi ya sauka, tari ya yi sauƙi, amma ƙarfi bai dawo ba. Mako uku, mako huɗu, wani har wata biyu yana nan a kan tabarma. Idan ya taka zuwa ƙofar gida sai haki. Idan ya ɗauki fartanya sai hannu ya mutu.

Mutanen gida sukan ce tsufa ne. Wasu su ce son jiki ne. Wasu ma su ce an yi masa sammu, a shiga neman mai magani. Likitoci sun daɗe da sanin wannan gajiya. Tana biyo bayan cututtukan da ƙwayar bairos ke kawowa, kuma yawancin masu ita suna warwarewa idan an bi da su yadda ya kamata.

Cututtukan bairos

Bairos ƙwayar cuta ce ƙarama ƙwarai. Ido ba ya ganin ta. Ita ce ke kawo mura, da baƙon dauro, da shan inna, da zazzaɓin Lassa, da cutar korona. Zazzaɓin cizon sauro da taifot ba sa cikin su, ƙwayoyinsu daban ne.

Mura mai tsanani takan sauka cikin mako guda, tarinta kuma ya kai mako biyu ko fiye. Gajiyarta ce ke daɗewa ga tsofaffi. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, shi ma yana barin kasala. Har yakan taɓa kunne: kusan mutum ɗaya cikin huɗu da suka warke ba sa ji sosai.

Cutar korona ce ta sa duniya ta mai da hankali kan wannan magana. An sami mai ita na farko a Nijeriya a Legas, cikin watan Fabrairu na 2020. Daga baya aka lura a ƙasashe da yawa cewa wasu sun warke amma sun kasa komawa aiki. A watan Oktoba na 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da bayani a kai. Ta ce idan wata uku suka wuce da fara ciwon, mutum na fama da gajiya ko haki ko yawan mantuwa, har abin ya kai wata biyu, kuma ba a ga wani dalili ba, to ragowar korona ce. A ɗauke ta a matsayin rashin lafiya, a kula da mai ita.

Me ya sa tsoho ya fi daɗewa?

Jiki yana yaƙi da ƙwayar cuta, kuma yaƙin yana cin ƙarfi. Ga zazzaɓi ya hana cin abinci. Ga gumi ya zubar da ruwan jiki. Jikin tsoho ba ya mayar da abin da ya rasa da sauri kamar na yaro.

Kwanciyar kanta tana rage tsoka. A 2007 likitoci a Amurka sun kwantar da wasu tsofaffi masu lafiya kwana 10 a gado, domin su ga abin da zai faru. Da aka auna su, an tarar naman ƙafafunsu ya ragu da kusan kilo ɗaya. Waɗannan fa lafiyarsu ƙalau, kuma ana ba su abinci. Ina ga wanda ya kwanta da zazzaɓi, ba ya shan komai sai kunu? Shi ya sa idan ya tashi ƙafa take rawa.

Kuskure biyu

Kuskure na farko shi ne a bar tsoho kwance dare da rana, saboda tausayi. A kai masa ruwa, a kai masa buta, a hana shi motsi. Kowace rana ta irin wannan kwanciya ƙara rage masa tsoka take yi.

Kuskure na biyu ya fi yawa a karkara. Ranar da tsoho ya tashi ya ji dama-dama, sai ya ce ya warke. Ya nufi gona, ko ya hau keke zuwa kasuwa mai nisa. A ranar ba ya jin komai. Washegari ko jibi sai jiki ya mutu gaba ɗaya, ya koma tabarma kwana uku ko mako guda. Da ya sake jin sauƙi sai ya maimaita. Haka wata biyu za su wuce ba ci gaba.

A lura da wannan sosai, domin nan ne ake ruɗewa. Ga wasu masu irin wannan gajiya, sakamakon aiki yakan fito ne bayan yini ɗaya ko biyu. Tunda akwai tazara, mutanen gida ba sa haɗa kwanciyar Laraba da noman Litinin. Sai a ce ciwon ne ya dawo, a sake sayen magani.

Ƙarfi kamar hatsin rumbu ne

Manomi ya san abin da ake yi a shekarar da damina ba ta yi kyau ba. Ba a buɗe rumbu a yi ta ɗiba. Da tiya ake aunawa, domin hatsi ya kai kaka. Ƙarfin mai farfaɗowa daga ciwo haka yake. Kowace rana yana da 'yar tiyarsa. Idan ya cinye ta jibi a yau, jibi zai kwana da yunwa.

To yaya ake aunawa? Da farko a gano aikin da tsoho zai iya yi yau, kuma ya tashi lafiya gobe. Wataƙila tafiya ce daga ɗaki zuwa zaure sau uku. Wataƙila zuwa masallacin unguwa ne sau ɗaya a yini. Wannan shi ne ma'auninsa. Ya tsaya a kai kwana biyar ko mako guda. Idan bai ji komai ba, a ƙara kaɗan. Idan ƙarin ya kwantar da shi, a koma na baya, a daɗe a kai, kada a matsa. Yayin tafiya ya kamata ya iya yin magana da wanda ke gefensa. Idan haki ya hana shi magana, ya wuce iyaka.

A raba aiki gida-gida. Maimakon share tsakar gida gaba ɗaya, a share rabi, a zauna, a ƙarasa da yamma. Duk aikin da za a iya yi a zaune a yi shi a zaune: ɓarar gyaɗa, saƙar tabarma, tufkar igiya, har wanka a kan kujera. A huta tun kafin a gaji. Mai jiran sai ya gaji kafin ya zauna ya riga ya makara.

Domin ƙafa, akwai motsi mai sauƙi. Tsoho ya zauna a kan benci, ya miƙe tsaye, ya sake zama, sau uku ko sau biyar, wani yana tsaye kusa da shi. Kuma kada ya zabura daga kwance. Ya fara zama na ɗan lokaci, sannan ya tashi, domin jiri na iya kayar da shi. Karayar ƙugu ga tsoho ta fi murar da ta kwantar da shi hatsari.

Nan ilmin rubutu yake da amfani. A sami ɗan littafi. Kowace rana a rubuta layi biyu: abin da tsoho ya yi, da yadda ya tashi da safe. Idan shi bai iya ba, ɗa ko jika ko matar ɗa ta rubuta. Bayan mako biyu a karanta daga farko. Za a ga aikin da ke kwantar da shi ƙarara.

Akwai abin da ke cin ƙarfi wanda ba a lissafa shi aiki. Hira ce da tunani. 'Yan dubiya alheri suka zo yi, amma idan zaure ya cika tun hantsi har la'asar, mara lafiya yana amsa gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, ya yi aikin yini guda. Babban ɗa ya tsaya ya karɓi gaisuwar, ya ce Baba yana hutawa, an gode. Ba wanda zai ji haushi. Kada kuma a rufe shi a ɗaki shi kaɗai, domin kaɗaici da baƙin ciki suna ƙara kasala. Mutum ɗaya ko biyu su zauna da shi sun isa.

Tsohuwa ta fi shan wahala a nan. Tsoho idan ya kwanta, 'ya'yansa maza sukan riƙe gona. Ita kuwa da an ga ta tashi zaune sai a miƙa mata jika, ko a ajiye mata turmi. Goyon yaro da daka da ɗiban ruwa suna cikin ayyuka mafi nauyi a gida. Bai kamata a bar mata su ba sai ƙarfinta ya dawo sosai.

Abinci da barci

Koko da kunun zalla ba sa gina tsoka. Jiki yana bukatar wake, gyaɗa, waken suya, nono, ƙwai, kifi, da nama ko hanta idan an samu. Duk akwai su a ƙauye. Ga wanda ba shi da haƙora, a yi alale, ko kunun gyaɗa mai kauri, ko fura da nono, ko awara mai taushi. A daka ƙuli-ƙuli a zuba a kwaɗon zogale. Idan baki ba ya son abinci, kada a ajiye masa kwano cike ya tsorata. A ba shi kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a yini.

Tsofaffi ba sa jin ƙishirwa kamar yara, ko da jikinsu yana bukatar ruwa. A ajiye ruwa mai tsabta kusa da shi, a riƙa tuna masa. Idan fitsarinsa ya yi ja kuma ya yi kaɗan, ruwa bai ishe shi ba. Goro da shayi mai ƙarfi da yamma suna hana barcin dare. Barcin rana ya zama gajere.

Inda kuɗi ke zubewa

Gidaje da yawa sukan sayar da akuya ko tiyoyin gero domin allura da ƙarin ruwa. Ƙarin ruwa na wanda ya kasa sha da baki ne. Ba ya ƙara ƙarfi, kuma ga tsoho mai ciwon zuciya yana iya cika masa huhu da ruwa. Kafso irin su amfisilin da tetarasaikilin ba sa kashe bairos. Haɗin ƙwayoyin da masu talla ke ƙullawa a leda ya fi duka hatsari. Sau da yawa akwai maganin ciwon jiki mai ƙarfi a ciki, wanda ke iya ƙwarzane ciki har ya riƙa zubar da jini a ɓoye. Tsohon da aka saya wa domin ya yi ƙarfi sai ya ƙara rasa jini. Kuɗin da za a ba mai talla ya fi amfani a wurin mai ƙwai da mai nono.

Wanda likita ya ɗora a kan maganin hawan jini ko na ciwon sukari kada ya daina don yana jin kasala. Ya koma ya gaya wa wanda ya rubuta masa.

Lokacin zuwa asibiti

Ba kowace gajiya ce ragowar mura ba. Wani lokaci wata cuta ce ta ɓuya a bayanta. Idan an yi wata guda ba a ga sauƙi ko kaɗan ba, ko kuma abin gaba yake yi, a kai tsoho asibiti. A nemi a auna jininsa, da sukari, da hawan jini, a kuma yi gwajin zazzaɓin cizon sauro. Tafin hannu da cikin ido idan suka yi fari alamar ƙarancin jini ce. Yawan fitsari da yawan ƙishirwa alamar ciwon sukari ce. Tarin da ya kai mako biyu, tare da rama da gumin dare, na iya zama tarin fuka. Gwajinsa da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati da ke wannan aiki, kuma ana shan maganin wata shida.

Akwai kuma alamun da ba a jiran gari ya waye a kansu:

Ciwon ƙirji, ko haki alhali mutum yana zaune.
Kumburin ƙafafu, ko kasa kwanciya sai a jingine.
Ruɗewa, ko surutai, ko kasa gane mutanen gida.
Karkacewar baki, ko mutuwar hannu ko ƙafa a gefe ɗaya.
Baƙin bayan gida kamar kwalta, ko tari da jini.
Dawowar zazzaɓi mai zafi bayan ya sauka.

Idan an ga ɗaya daga cikin waɗannan, a nemi mota ko babur nan take. A tafi da ɗan littafin nan, da duk magungunan da tsoho yake sha a cikin kwalayensu, har da na gargajiya, a nuna wa malamin asibiti.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Me ya sa mutanen gida ba sa gane cewa aikin shekaranjiya ne ya kwantar da tsoho yau?
2. A rubuta abinci biyar masu gina tsoka da ake samu a wannan ƙauye, da kuɗin kowanne a kasuwa.
3. Wane asibiti ne mafi kusa da ake gwajin tarin fuka? Kilomita nawa ne daga nan, kuma wa ke da abin hawa idan bukata ta taso da dare?