Gero, Zazzaɓi da Ƙasusuwan Goronyo

Idan kaka ta yi, manomin garin Gatawa ba ya jibge dukan geronsa a rumbu haka kawai. Sai ya ware zangarniyar da ta fi tsawo da cika, ya ɗaure ta daban, ita ce irin baɗi. Haka iyaye da kakanni suka yi ta yi, kuma wannan zaɓen ne ya samar da geron da muke tuƙa tuwo da shi. Asalinsa ciyawar daji ce mai gajeren kai da ƙananan tsaba, wadda ke kakkaɓewa ƙasa da zarar ta nuna. Mutane suka riƙa ajiye wadda tsabarta ke zama a kai har a girbe. A kwarin Tilemsi na ƙasar Mali, an ga shatin geron noma a jikin tukwanen da suka kai shekara 4,500.

Duba shibra a gonarka. Tana ƙarama ba ka bambanta ta da gero, amma kafin ka zo da lauje ta zubar da tsabarta. Barbara ce tsakanin geron gida da na daji, kuma ba a barbara sai da dangantaka.

A 1859 wani masanin Ingila, Charles Darwin, ya bayyana cewa irin wannan zaɓen yana gudana ko ba manomi. Fari da cuta da yunwa su ke tankaɗe. Wanda jikinsa ya dace da wurin shi ke rayuwa ya hayayyafa, 'ya'yansa su gaji halinsa, a hankali zuriya ta sauya.

Mun gani da idonmu. Manya sun tuna lokacin da kulorokwin ke kwantar da zazzaɓin cizon sauro cikin kwana uku. A cikin ƙwayoyin cutar akwai 'yan ƙalilan da maganin bai kashe ba. Su suka tsira, suka yaɗu, har a 2005 Nijeriya ta koma ga maganin ACT. Don haka, 'yan'uwa, duk maganin da aka ba ku a asibiti ku shanye shi kamar yadda aka ce, ko da jiki ya yi sauƙi. Yankewa a tsakiya yana ba ƙwayoyin cutar masu tauri damar miƙewa.

Duwatsu ma suna da tasu shaidar. Bi gulbin Rima daga Sabon Birni ka gangara Goronyo. A tsaunukan wannan yanki aka tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar teku mai dogon muƙamuƙi cike da haƙora, wadda masanan Italiya suka raɗa wa suna Goronyosaurus a 1972. Ta rayu fiye da shekara miliyan 65 da suka wuce, lokacin da teku ya malale wannan ƙasa. Dutsen Kalambaina da ake yin siminti da shi a Sakkwato cike yake da ɓawon halittun ruwan gishiri. Abin ikon Allah, inda yau muke jiran damina da addu'a!

Goronyosaurus dangin guza da damo ce. Kakanninta a tudu suka yi tafiya, zuriyarsu ta koma ruwa, ƙafafu suka baje suka zama na iyo. Idan an jera ƙasusuwan hannun danginta, ana samun dantse da sangali da yatsu biyar, irin jerin da ke ƙafar guza.