Yadda Ake Cike Ramin Haƙori Da Kayan Hannu, Ba Wuta Ba Injin Haƙa

A yawancin ƙananan asibitocinmu na karkara, duk wanda ya zo da ramin haƙori amsa ɗaya yake samu: a cire. In ka tambayi dalili a ce maka babu kujerar haƙori, babu injin haƙa, wuta kuma sai an ga dama. Wannan hujja ta daɗe da faɗuwa. Tun tsakiyar shekarun 1980 wani likitan haƙori ɗan ƙasar Holan, Jo Frencken, da yake aiki a Tanzaniya, ya fara yashe ruɓar haƙori da kayan hannu kaɗai yana cike ramin. An gwada dabarar a Tailan da Zimbabuwe a farkon shekarun 1990, a 1994 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta gabatar da ita ga ƙasashe. Ita ce ake kira ART.

Na rubuta wannan ne saboda ƙannena masu horon aikin haƙori da aka tura ƙauye, waɗanda na sha jin suna cewa "ai ART faɗuwa yake yi". Faɗuwa yake yi in an yi shi da ganganci. Abu uku ke kayar da shi: yawu, bakin rami da ba a tsabtace ba, da kwaɓin da aka yi da ƙiyasi. Wanda bai samu horo ba kada ya ɗauki wannan ya je ya taɓa bakin mutum.

Abin cikon

Gilas ayonoma ake amfani da shi, wanda Alan Wilson da Brian Kent suka ƙirƙiro a Landan, suka bayyana shi a farkon shekarun 1970. Gari ne na wani irin gilashi da ruwa mai ɗan tsami. In an kwaɓa su, kwaɓin yana kama jikin haƙori da kansa, saboda yana haɗuwa da sinadarin kalsiyam da ke cikin haƙorin, yana kuma sakin fulorayid a hankali. Shi ya sa ba sai an fafe lafiyayyen haƙori don ciko ya samu wurin maƙalewa ba, yadda ake yi wa amalgam, cikon nan mai launin azurfa. Amalgam ɗin ma duniya na janye jiki daga gare shi saboda zaibar da ke ciki, tun bayan yarjejeniyar Minamata ta 2013. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa gilas ayonoma a jerin magungunan da bai kamata a rasa ba.

Sayi mai kauri, wanda aka yi domin turame. Ni Fuji IX na kamfanin GC na fi so, Ketac Molar ma ba laifi. Kada wani mai shago ya miƙo maka mai ruwa-ruwa na manna hular haƙori ya ce duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne, wannan ba ya jure tauna. Kuɗin mai kaurin yana bin dala, ba zan faɗi farashi yau ya ƙaryata ni gobe ba, amma kwali ɗaya yana cike haƙora da dama. Duba ranar lalacewa kafin ka biya.

Kayan aiki

Madubin baki, tsinken bincike, hantsaki, cokulan yasa ƙarami da matsakaici da babba, ɗan gizagon faɗaɗa bakin rami, abin ɗura ciko da gyara shi, takardar kwaɓi da cokalin kwaɓi na roba. Sai auduga nannaɗaɗɗiya da ƙananan ƙulluwan auduga, ruwa mai tsabta, Basilin, takardar gwada cizo, safar hannu da takunkumi. Fitilar goshi ta fi tocilan waya nesa ba kusa ba.

Wasa cokulan yasa da gizagon. Dakusasshen cokali shi ke sa ka danna da ƙarfi, dannawar kuma ita ce zafin da yaro yake ji. A turara kayan ƙarfe bayan kowane mutum, ko da a tukunyar firesha ce. Goge su da sifirit kaɗai ba ya wadatarwa.

Mataki na 1: Zaɓi haƙorin

Tambayi mai haƙori kafin ka ɗauki komai. Ya taɓa hana ka barci? Yana zogi shi kaɗai ba tare da an ci komai ba? In an sha ruwan sanyi, zafin yana ɗaukewa nan da nan ko yana daɗewa? Duba dasashi: akwai kumburi, ko ɗan ƙurji mai fitar da mugunya a gindin haƙorin? In ɗaya daga cikin waɗannan ya tabbata, cutar ta kai jijiya. Toshe irin wannan haƙori ƙara wa mutum ciwo ne, sai ya dawo maka da kumburarren kunci. Tura shi babban asibiti a yi aikin jijiya ko a cire.

Haƙorin ART shi ne mai ramin da ya kai dantin, wato sashen da ke ƙarƙashin ɓawon haƙori, wanda cokali zai iya shiga, kuma ciwonsa bai wuce ɗan tsami in an sha zaƙi ko sanyi ba. Binciken da aka tara tsawon shekaru ya nuna ramin da ke fuska ɗaya, kamar saman turmi, shi ya fi riƙe wannan ciko, har yana gogayya da amalgam. Ramin da ya cinye gefe biyu ko uku, musamman a haƙoran yara na fari, ya fi saurin zubar da shi. Fara da mai fuska ɗaya har hannunka ya faɗa.

Ka riƙa leƙa turmin farko na dindindin, wanda ke fitowa wajen shekara 6 a can baya ba tare da wani ya faɗi ba. Iyaye suna ɗauka na famfara ne, su bar shi ya ruɓe.

Mataki na 2: Kwantar da mai haƙori

Rigingine a kan tebur ko benci, matashi a ƙarƙashin wuya, kai kuma kana zaune ta wajen kansa.

Mataki na 3: Tare yawu

Haƙoran sama, auduga ɗaya a cikin kunci ta wadatar, daidai inda yawu ke fitowa kusa da turamen sama. Haƙoran ƙasa dole biyu, ɗaya ta kunci ɗaya ƙarƙashin harshe. Da ta jiƙe ka canza, kada ka yi rowar auduga. Goge haƙorin da jiƙaƙƙiyar auduga, ka busar, ka ga iyakar ruɓar.

Mataki na 4: Yashe ruɓa

In bakin ramin ya yi ƙanƙanta, sa kan gizago ka murza shi gaba da baya, ɓawon da ba shi da madogara zai karye da kansa. Sai cokali.

Ga inda tsohuwar koyarwa ke ɓatar da mutane. An koya mana a yi ta kankara har sai ƙasan rami ya yi fari fes yana ƙara. A rami mai zurfi wannan hanya ce ta huda jijiya. Masana sun bambanta dantin iri biyu a cikin rami: na sama mai laushi, jiƙaƙƙe, cike da ƙwayoyin cuta, wanda ya riga ya mutu, da na ƙarƙashinsa, wanda ya canza launi amma yana da ɗan ƙarfi kuma yana iya farfaɗowa. Na farkon ake kwashewa. Launi ba ma'auni ba ne, abin da hannunka ya ji shi ne ma'auni.

Fara daga bangon rami, daidai inda ɓawo ya haɗu da dantin, ka zagaye shi da ƙaramin cokali har sai ka ji tauri ko'ina. Nan ne ba sassauci. Ciko a jikin wannan bango zai kama, kuma in ya kama ya rufe ruf, ƙwayoyin cutar da suka rage a ƙasa ba su da hanyar samun sukari, ruɓar sai ta tsaya. Bayan bango ya tsabtata sai ka sauka ƙasa da babban cokali, ba ƙarami ba, domin ƙarami mai tsini shi ke faɗawa jijiya. Kwashe mai laushi, in ka iso inda cokali ke ɗan turjewa ka dakata. In ka ga ɗigon jini a ƙasan rami, jijiya ta buɗe, aikin ya wuce ART.

Yawanci ba a buƙatar allurar kashe zafi, tunda mataccen nama kake cirewa. In yaro ya fara zabura, alama ce ka kusa wurin da ya kamata ka tsaya.

Mataki na 5: Shirya bangon

Yasa tana barin wani siririn datti a bango da ke hana ciko kamawa. Jiƙa ƙullin auduga da ruwan shirya rami da ke zuwa da wasu kwalaye, ko ɗigo ɗaya na ruwan kwaɓin a kan auduga mai ɗan damshi, ka shafe ramin da tsagogin saman haƙori na daƙiƙa 10 zuwa 15. Wanke da jiƙaƙƙiyar auduga aƙalla sau biyu, sannan ka tsane da busasshiya. Tsanewa, ba ƙafewa ba: bangon ya rage yana ɗan sheƙi. In yawu ko jini ya shiga bayan wannan, maimaita daga farko. Na san da gajiya. Maimaita.

Mataki na 6: Kwaɓi

Da yawa daga cikon da ke faɗuwa a nan aka kashe su. Kada ka fara sai rami ya shirya tsaf, auduga sabuwa, kayan ɗura a kusa da hannu.

Girgiza kwalbar gari ya saki. Ɗebi da cokalin da ya zo a kwalin, ka share kansa ya yi daidai da baki, ba tozo ba rami. Cokalin wani kamfani ba ya aiki a garin wani. Rufe kwalbar nan take, domin garin yana shan damshin iska, da damina ma abin ya fi muni. Kifa kwalbar ruwa a tsaye cak, ka jira iska ta hau sama, sannan ka matsa a hankali ɗigo ya faɗo da kansa. Ɗigon da ke da kumfa a ciki bai cika ba. Ajiye shi gefe, ka ɗiga wani. A Fuji IX cokali ɗaya ɗigo ɗaya ne. Ko wane iri ka saya, karanta takardarsa.

Raba garin biyu. Baza ɗigon, ka tura rabin farko ka naɗe shi ciki, sannan na biyu. Duka kada ya wuce daƙiƙa 30. Kwaɓin da ya yi daidai yana da kauri kamar cingam da aka tauna, kuma yana sheƙi. Sheƙin nan shi ne shaidar akwai sauran ruwan da zai kama haƙori. Da ya dushe, zubar. Kada ka ƙara masa ɗigo don ka ceto shi, kada kuma ka rage gari wai don ya yi sauƙin shiga. Kwaɓi mai ruwa ba ya ƙarko.

Sai maganar zafi, wadda takardar kamfani ba ta yi da mu ba. Lokacin aikin da suke rubutawa, wajen minti biyu, an auna shi ne a ɗaki mai sanyin digiri 23. A Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu, kwaɓin zai fara daskarewa tun kana juya shi. Yi aikin ciko da safe. Ajiye kwalaben a wuri mafi sanyi a ɗakin, nesa da taga. In kana da mataimaki, shi ya kwaɓa kai kana tsare da yawu. Rami biyu kwaɓi biyu, kada ka haɗa.

Mataki na 7: Ɗura da dannawa

Ɗura kaɗan-kaɗan, ka fara da lungunan ƙarƙashin ɓawo don kada iska ta maƙale. Cika har ya ɗan yi tozo, ka shafa sauran a tsagogin saman haƙorin, su ma su toshe. Shafa Basilin kaɗan a kan ɗan alinka cikin safa, ka danna cikon da ƙarfi na ƴan daƙiƙoƙi, sannan ka zame yatsan ta gefe. In ka ɗaga shi sama kai tsaye zai biyo ka. Kwashe abin da ya tumbatsa da cokali tun bai yi tauri ba.

Bar audugar a wurinta, haƙorin a bushe, har ciko ya kama. Sa takardar gwada cizo, ya cije a hankali, ka kankare inda ya yi tsayi. Cikon da ya fi sauran haƙora tudu shi zai ɗauki nauyin tauna duka ya tsage. Ƙara shafa Basilin. A sa'o'in farko gilas ayonoma ba ya son yawu ya jiƙa shi, ba ya kuma son bushewa, man shi ke kare shi daga duka biyun. Yanzu cire auduga. In ta manne a kunci, jiƙa ta tukuna.

Mataki na 8: Sallama

Kada ya ci komai na awa ɗaya, ranar kuma ya tauna da ɗaya gefen. Ba goro, ba rake, ba ƙashi.

Faɗa wa uwar yaro gaskiya: "Mama, rami muka toshe, abin da ya haƙa shi yana nan." Alawa, biskit, lemon kwalba da shayi mai sukari a kai a kai su ne tushen. Yawan lokutan da zaƙi ke shiga baki ya fi yawan zaƙin illa. A goge baki sau biyu a rana da man goge baki mai fulorayid, na dare ya fi muhimmanci, a tofar kada a kuskure da ruwa. Mai asuwaki ya ci gaba da abinsa, amma ya haɗa da man.

Rubuta haƙorin da ka cike, da fuskar, da irin abin cikon, da rana. Ce su dawo bayan wata shida. In gefe ya ɗan ɓantare, tsabtace wurin, shirya bango, ƙara sabon kwaɓi a kai. In ciko ya fita gaba ɗaya amma ƙasan ramin ya yi tauri, sake cikewa. Bayan shekara ka buɗe littafin ka ƙirga nawa suka tsaya nawa suka faɗi, da irin ramin da ya fi zubarwa, domin daga nan za ka san matakin da ya kamata ka gyara.