Zaɓen Littafi Mai Tsarki Domin Nazari

Sayen Littafi Mai Tsarki mai bayani ba ƙaramin kuɗi yake ci ba, iyali da yawa kuwa sau ɗaya suke yinsa cikin shekaru masu yawa. Saboda haka ya kamata mu san abin da za mu duba kafin mu miƙa kuɗinmu. Kyan bango da zanen zinariya ba su isa shaida ba. Ga abubuwa uku da ya wajaba a bincika.

Na fari, a ƙirga littattafan. Littafi Mai Tsarki na Ikkilisiyar Katolika yana da littattafai 73: Tsohon Alkawari 46, Sabon Alkawari 27. Bugu da yawa da ake sayarwa a kasuwa suna da 66 ne kaɗai. Bakwai ɗin da babu a cikinsu su ne Tobit, Judit, Hikima, Sirak, Baruk, da Makabiyawa na ɗaya da na biyu, haɗe da wasu sassa na Esta da Daniyel. Majalisar Trent ta tabbatar da wannan jeri a shekarar 1546. Rashinsu babban rashi ne. Daga Hikima sura 3 ake yawan karanta mana ta'aziyya a Misa ta jana'iza, a 2 Makabiyawa sura 12 kuma muke samun addu'a domin matattu. Katekis da ya buɗe littafinsa ran Lahadi ya tarar babu karatu na fari, ina zai sa kansa? A buɗe shafin jerin littattafai tun a shago, a nemi sunan Tobit. In babu shi, littafin bai cika ba.

Na biyu, a nemi amincewar Ikkilisiya. Dokar Ikkilisiya ta shekarar 1983, a lamba 825, ta ce ba za a buga fassarar Littattafai Masu Tsarki ba sai da izinin Fadar Paparoma ko na taron bishop-bishop, kuma fassarar ta zo da isasshen bayani. Alamar izinin ita ce kalmar Latin Imprimatur, wato "a buga", wadda akan sa a shafukan farko tare da sunan bishop da shekara.

Na uku, a auna bayanin kansa. Littafin nazari nagari yakan sa gabatarwa a gaban kowane littafi, ya faɗi lokacin da aka rubuta shi da mutanen da aka rubuta dominsu. Yakan kawo bayani a ƙasan shafi, da ayoyi masu alaƙa da juna, da taswirori. Amma a tuna, bayanin aikin masana ne, yana kuma ɗauke da koyarwar ikkilisiyar da suka fito. Mai saye ya duba abin da aka ce a kan Matiyu sura 16 game da Bitrus, da Yahaya sura 6 game da Gurasar Rai. Nan zai gane inda masu bayanin suka dosa.

Ga masu jin Turanci akwai The African Bible, wanda Paulines suka buga a Nairobi a shekarar 1999, da The New Jerusalem Bible na shekarar 1985. Mai karatu da Hausa ya nemi bugun da ya haɗa da littattafan nan bakwai, ya kuma nemi shawarar Fada ko katekis. Dattawa su duba girman baƙaƙe, gama littafin da ido ba ya iya karantawa cikin akwati zai ƙare.

Bāban nan na Habasha, cikin Ayyukan Manzanni sura 8, yana da littafin annabi Ishaya a hannunsa, amma bai fahimta ba sai da Filibus ya hau karusarsa ya bayyana masa. Mu ma haka muke bukatar jagora. Idan mun saya, mu karanta a gida kowace rana, mu kawo tambayoyinmu wurin taron nazari. Ubangiji ya buɗe zukatanmu ga Maganarsa. Amin.